Wanda Ya Saita Shi Ke Tsayawa

Tun da na dawo daga Gana ban huta da tambaya ba. In na zauna wajen mai shayin bakin layinmu a Magajiya, nan Suleja, tambaya. In na shiga motar Abuja da safe, sai wani ya leƙo daga kujerar baya ya ce, "Injiniya, how far? Wai da gaske can ba a ɗauke wuta?" Shehu tela kuwa ƙare mini kallo ya yi, ya ce wandona ya yi mini yawa, lallai abincinsu bai karɓe ni ba. To ba abinci ba ne. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya sake tambaya in tura masa ya karanta da kansa.

Bari in fara da bayanin aikina, don yawancinku kun ɗauka gyaran janareta nake yi, har akwai masu sallama da ni ranar Lahadi da ɗan ƙaramin nasu a hannu. Ina aiki ne da wani ƙaramin kamfani a Abuja mai kula da manyan injinan lantarki masu ƙona iskar gas, waɗanda muke kira tabain. Gas na ci a cikin injin, zafinsa na juya farfela da gudun da ido ba ya iya bi, ita kuma ta juya janareta. Rabona a cikin wannan duka bawul ne guda ɗaya, wanda gas ke bi ya shiga. Ni nake koya wa kwamfutar injin yadda za ta buɗe shi da yadda za ta rufe.

In lodi, wato wutar da ake ja daga injin, na tafiya daidai, aikin ba wuya. Tashin hankalin yana zuwa ne in lodin ya sauka farat ɗaya. Ka ɗauka kana jan igiya da saniya da iya ƙarfinka, sai igiyar ta tsinke. Haka injin yake ji in masana'anta ta katse masa lodi alhali cikinsa cike da gas, sai ya kwasa da gudu. Dole bawul ya rufe kafin ƙiftawar ido, in ba haka ba gudun ya wuce ƙima, ƙarfe kuwa in ya gaji tarwatsewa yake. Amma in ya rufe da yawa, wutar da ke ci a cikin injin sai ta mutu, kamar dai ta kukar gas in an murɗa da garaje. Gaba kura, baya sayaki. Tsakanin biyun akwai 'yar siririyar hanya, kuma nemo ta shi ne abincina.

Wata Litinin ogana, Injiniya Dauda, ya kira ni ofis. Ya ce wata masana'antar rodi a kusa da Tema a ƙasar Gana, mai injin lantarkinta na kanta, tana neman agaji. Duk sanda injinan murza ƙarfe suka tsaya kwatsam, tabain ɗinsu sai ya yi gudu har ya kashe kansa, jan ƙarfe ya sandare a kan layi. Za a canza 'yar na'urar da ke tuƙa bawul, a sake saiti, a yi gwaji. Ya turo mini wani akwati da ƙafa, ya ce ta mota zan bi, wai kayan ba sa son jifan 'yan lodin jirgi. Ni dai na san Oga, na san ba tausayin akwatin ne ya hana shi yanka mini tikiti ba.

Har na kai ƙofa ya ce, "Af, Kabiru, one more thing. Suna da wata al'ada a can. Ranar gwaji, wanda ya saita shi ke tsayawa gefen injin, hannunsa a kan jan maɓallin kashe shi."

"A ɗakin kwamfuta dai, Oga?"

"Gefen injin na ce maka. Cikin ɗakinsa."

Ya yi dariya, ni ma na yi, amma tawa ba ta wuce haƙora ba. Tun da na fara aikin nan, a bayan gilashi nake gwaji, cikin ɗaki mai sanyi, nesa da injin. Na san injin yana da nasa mai gadin, wata na'urar kariya. Gudun da aka yarje masa muna kiransa ɗari, in ya kai ɗari da goma mai gadin zai kashe shi ko ba wanda ya taɓa komai. Sai dai na kuma ga hotunan abin da ke faruwa ranar da mai gadin ya yi barci.  A gida kuwa ce wa matata Hauwa na yi aiki ne irin na kullum.

Da sassafe na kama hanya, mun wuce Dutsen Zuma masu gasa masara ko gawayi ba su hura ba. A Zuba na shiga bas ɗin Ikko, nan rigimar farko ta tashi. Kwandasta ya ce akwatin a but ɗin mota zai shiga, ƙarƙashin buhunan doya. Na ce sai dai in fasa tafiyar. Ƙarshe a cinyata ya zauna, matar da ke kusa da ni tana ta harararsa, har ta kasa haƙuri ta ce, "Oga, na gold you carry?" Kafin mu kai Lakwaja ƙafafuna sun daina jin kansu. An miƙo soyayyen kifi ta taga, irin wanda ba na wucewa, amma ranar ko ƙanshinsa ban so ba.

Bayan Okene taya ta fashe mana a wani daji inda ba mai son tsayawa. Duk surutun motar ya ɗauke. Direba ya ce maza su sauko su taimaka, muka sauko, kowa yana aiki ido ɗaya a kan jak, ɗaya a bakin daji. Wani babur ya ɓullo daga cikin ciyawa, wani bawan Allah a cikinmu har ya cire takalmi zai arce, ashe manomi ne da damin rogo. Sai da muka tashi sannan aka fara yi wa mai cire takalmin tsiya, shi ma yana rantsuwa wai ƙaya ce ta shige shi. Na yi dariya da su, amma a raina na ce kada ka yi wa kowa dariya, Kabiru, taka ranar tana gaba.

Na kwana a Agege wajen wani abokina da muka taso tare a Zariya. Washegari na shiga ƙaramar mota mai zuwa iyaka, a nan Allah ya haɗa ni da Hajiya Ladi, wata dattijuwa 'yar kasuwa daga Sakkwato mai zuwa Lome saro atamfa. Ta san hanyar kamar tsakar gidanta. Ita ta ce in fito da katin rigakafina in riƙe a hannu tun kafin a tambaya, ita ta nuna mini layin da ake bi a buga fasfo.

A ɓangaren Jamhuriyar Binin jami'in kwastan ya buɗe akwatina, ya ga wata aba mai wayoyi naɗe cikin soso, fuskarsa ta canza. Ya yi tambaya da Faransanci. Na amsa da Turanci, na shiga bayanin bawul da gudun farfela, ina yi ina nuna fashewa da hannu don ya fahimci amfanin abin. Kai, ban taɓa yin wauta irin wannan ba. Mutumin ya ja da baya ya kira na biyu. Sai Hajiya ta ture ni gefe, ta ƙwace takardar kamfani daga hannuna, ta zuba musu Faransancin kasuwa har suka gyaɗa kai suka rufe akwatin. Da muka fito na tambaye ta me ta ce.

"Ce musu na yi kayan gyaran janareta ne, kai kuma yarona ne, ba ka cika wayo ba."

Ban yi musu ba. A Kwatano na ga 'yan acaba duk sanye da riga ruwan ɗorawa, suna da nasu gefen titi, ba mai shiga gaban wani. Hajiya ta sayo dogon burodin nan nasu mai tauri da kifin gwangwani, ta gutsura mini, na riƙe a hannu har muka shiga Togo, teku na binmu ta hagu. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, tun Ikko ban ga ka sa komai a baki ba. Me ke cinka?"

Ban san dalili ba, sai na kwashe duka na gaya mata. Na zaci za ta tausaya mini, ta ce mutanen nan ba su da imani. Sai ta ce, "To ai gaskiyarsu. Wadda ta dafa ita ke fara ɗanɗanawa. Ci burodinka."

A Lome muka rabu, ta sa mini albarka. Iyakar Gana a ƙafa na tsallake ta, akwati a ka, zufa na shiga mini ido. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne tasha. Mutane sun yi layi suna jiran mota, mota ta zo, na gaba ya shiga, na baya ya matso. Ni da na saba da kokawar motar Abuja da safe, inda sai ka sa kafaɗa da gwiwa, har na yunƙura zan kutsa, sai na ga ido ya yi mini yawa. Na koma bayan layi ina gyara hula.

Wanda aka turo ya tarbe ni a Tema shi ne Malam Inusa, shugaban makanikan masana'antar. Dattijo ne, dogo, da wani tabo da ya taso daga wuyansa ya shige cikin riga. In za ka yi masa magana sai ya juyo maka da kunnen dama. Kakansa Bakano ne, fataucin goro ya kawo shi ya zauna, shi kuwa bai taɓa taka Najeriya ba, amma Hausa ce a bakinsa, irin tasu ta zango, unguwar Hausawa a can. Kamfani ya kama mini ɗaki a otal. Malam Inusa ya ce, "Haba ɗan'uwa. Bahaushe ya kwana a otal, ga zango? Me za ka gaya ma mutanen gida?" Ya ɗora akwatina a kafaɗa, zancen ya ƙare.

A hanyar gidansa muka tarar an toshe layi da rumfuna, ana kiɗa, mutane sun yi ankon ja da baƙi suna rawa, ana rabon abinci. Na ce, "Ma sha Allah, ina amaryar take?" Malam Inusa ya kama hannuna da sauri ya nuna mini wani ƙaton hoto a bango. Ashe jana'iza ce, ta wani tsoho da ya rasu tun watannin baya, sai yanzu dangi suka gama shiri. Na gaya masa mu a wajenmu wanda ya rasu da hantsi kafin la'asar an dawo daga maƙabarta. Ya ce su ma a zango haka suke, amma maƙwabta kowa da nasa, kuma ana zuwa a gaisa.

Abincinsu ba ni da abin cewa. Da safe koko da ƙosai, har sunansa kokon Hausa, sai dai cittar da suke zuba masa ta isa ta tashi matacce. Da rana wake da shinkafa da suke dafawa da karan dafi, a zuba masa wani baƙin yaji mai kifi da suke kira shito. Akwai dokunu, ƙullin masara mai tsami naɗe da ɓawonta, wanda na ƙi ranar farko, na nema da kaina rana ta uku. Kuma duk wanda ka tarar yana ci, ko bai san ka ba, sai ya ce maka bismillah da Turanci, wato zo mu ci. A nan dai mun yi tarayya.

Bayan magariba muna zaune a ƙofar gida na tambaye shi asalin wannan al'ada ta tsayawa gefen injin. Ya ja wuyan rigarsa ya nuna mini inda tabon ya tsaya. Ya ce shekarun baya an kawo wani gwani daga waje, ya yi saitinsa, aka yi gwaji yana zaune bayan gilashi da kofin shayi. A lokacin makanike ake tsayarwa gefen maɓalli, kuma shi ne a wurin. Gudu ya wuce, mai gadin injin ya makara, kafin ya danna wani ƙarfe ya ɓalle.

"Kunnen nan tun ranar bai sake ji ba," in ji shi. "Gwanin ya ba da haƙuri, ya hau jirgi. Madam lokacin ƙaramar injiniya ce, ita ta riƙe min wuya har asibiti. Ranar da ta zama shugaba, ranar ta kafa dokar."

Madam ɗin ita ce Madam Efuwa, babbar injiniyar wurin, gajeriyar mace da takalmin aiki, ba ta da yawan magana. Ta karɓe ni, ta duba lissafina layi-layi, ta ce ya yi. Muka shiga aiki da Malam Inusa da mutanensa. Muka cire tsohuwar na'urar, wadda ta gaji har sai bawul ya yi tunani kafin ya motsa, muka ɗaura sabuwa. Muka yi ta buɗewa da rufewa injin a kashe, har na gamsu yana jin magana. Da aka tashe shi muka gwada ɗora masa lodi kwatsam, don nan ma in gas ya shiga da yawa zafi ke cin farfela. Wannan ya tafi lafiya. Saura babban, wato sauke lodi.

Ana gobe gwaji Madam ta sa mini abin toshe kunne ta ce in biyo ta in ga wurina. Ta buɗe wata ƙofar ƙarfe, zafi ya dake ni a fuska. Injin yana aiki. Ƙarar ba a kunne nake jinta ba, a haƙora nake jinta, da tafin ƙafa. A ƙasa an zana wani ɗan murabba'i da fenti ruwan ɗorawa, iya tsayuwar mutum ɗaya. A gabansa jan maɓalli ƙarƙashin murfin roba, sama da shi agogon gudu mai allura. In na miƙa hannun hagu zan iya taɓa murfin ƙarfen da ke haɗa injin da janareta. Ta nuna mini fitilar da za ta haska kafin ta katse lodi, ta nuna mini ɗari da goma a jikin agogon, ta nuna maɓallin. 

Na koma kan kwamfutata. Akwai lamba guda da ke gaya wa bawul iya inda zai rufe ya tsaya, don a bar wa wutar ciki ɗan abin da za ta rayu da shi. Na lissafa ta tun a Abuja, Madam ta duba ta amince. Na zauna ina kallonta. In na rage ta kaɗan, gas zai yanke sosai, allura ba za ta yi nisa ba. Na ce wa kaina taka-tsantsan ne. Na rage, na rufe kwamfutar, ban gaya wa kowa ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da hantsi na shiga murabba'in nan, na ɗaga murfin roba, na ɗora tafin hannu dab da maɓallin. Duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa. Fitila ta haska. Wani dum ya ratsa ƙasa, kukan injin ya ɗaga sama, allura ta motsa kaɗan, sai ta juyo. Ta dawo ɗari, amma ba ta tsaya ba. Ta ci gaba da sauka, kukan yana kwanciya, yana kwanciya, fitilun ɗakin suka mutu, na gaggawa suka kama. Wutar ciki ta mutu, masana'anta gaba ɗaya ta tsaya. Abin da na fara ji a raina, wallahi, daɗi ne, don ga ni da raina. Kunyar daga baya ta zo.

Madam ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta juyo mini da allon kwamfuta ta ɗora yatsa a kan lambar.

"Wannan ba ita ce ka nuna mini ba. Wa ya taɓa?"

"Ni ne, Madam."

"Saboda me?"

 Ta taga ina hango ma'aikata suna fitowa daga wajen murza ƙarfe, suna cire safar hannu, za su wuni suna sarar ƙarfen da ya sandare.

Ta ce, "Wannan saitin na jikinka ne, ba na injina ba. Duk mutuwa irin wannan tana rage wa farfela kwana, don haka sau ɗaya zan ƙara ba ka dama. Gobe. In ka san ba za ka iya ba, faɗa mini yanzu in kira oganka ya turo wani. An yi haka kafin kai."

Kamar ƙasa ta tsage in shige. Gaskiya na so in ce a kira Oga. Har na hango kaina a motar komawa, akwati ba nauyi, ina shirya ƙaryar da zan yi a ofis. Abin da ya hana ni ban san sunansa ba, ko zuciya ce ko taurin kan Zazzagawa. Na ce gobe. A gabanta na mayar da lambar inda take, ta kalla har na gama. Da yamma Malam Inusa ya sa matarsa ta yi mini tuwo da miyar kuka, wai ko bakina zai tuna gida.

Washegari na sake shiga murabba'in. Wannan karon na san allurar za ta yi nisa, don ni na ba ta izini. Fitila ta haska. Dum! Kukan ya tashi, ya wuce inda ya tsaya jiya, ya zama wani siririn ihu da ke shiga ƙashi. Ɗari da uku. Ɗari da huɗu. Murfin ƙarfen da ke haguna yana kaɗawa har ina ganinsa biyu. Hannuna yana so ya danna, duk jikina yana roƙona in danna in huta. In na danna, na kashe injin da hannuna a banza, kuma shi ke nan nawa ya ƙare. In ban danna ba kuma lissafina ƙarya ne fa? Na ce Hasbunallahu, na dafe wuyan hannun dama da na hagu. Allura ta leƙa ɗari da biyar ta ɗan wuce, ta yi rawa a wurin, sai ta fara dawowa.

Ban saki numfashi ba, don yanzu ne wutar ciki za ta mutu in za ta mutu. Allura ta sauka ƙasa da ɗari kaɗan, kukan ya yi ƙasa, na ce shi ke nan, an maimaita jiya. Sai na ji wani ɗan gurnani daga cikin injin, bawul ya sake buɗewa. Allura ta tako ta zauna a kan ɗari. Fitilu ba su ko ƙifta ba.

Na fito ban san inda nake jefa ƙafa ba, shi ya sa na ɓata ƙofa. Maimakon wadda na shigo, na tura wata ƙarama ta baya, sai ga ni a wani ɗaki da ban taɓa shiga ba. Bencuna ne da kayan aiki, riguna rataye a ƙusa, kwanukan abinci a rufe, buta da darduma a gefe. Ɗakin makanikai ne. Na dafa bangon da rigunan ke rataye, na ji yana rawa a tafin hannuna. Bulo ɗaya ne tsakaninsa da injin, kuma daidai saitin inda na tsaya.

Ina nan tsaye suka fara shigowa daga waje, suna tafa mini, wani yana dukan kafaɗata. Malam Inusa ya shigo a ƙarshe yana murmushi. Na matsa wajen kunnensa na dama na ce, "Malam, a nan kuke zama?"

"Nan muke wuni. Nan muke ci, nan muke sallah."

"Injin na aiki?"

"To da fa? Ranar gwaji kaɗai ake fitar da mu. Ranar da lodi zai sauka don kansa kuwa, ba ya sallama."

Ya buɗe kwanonsa ya ce bismillah. Na kasa zama. Gwajin da muka yi, kashi uku cikin huɗu na lodi aka sauke, da hantsi. Haka aka saba, haka yarjejeniyar ta ce, kuma na ji daɗin hakan tun ranar da na karanta ta. Amma injin nan da cikakken lodi yake wuni, kuma ranar da abin zai faru da gaske, duka zai sauka lokaci guda, mutanen nan suna jingine da bangon nan, ni kuma ina Suleja ina shan shayi.

Na hau sama na tarar da Madam tana sa hannu a takardar kammala aiki. Ta miƙo mini biro. Na ce, "Madam, ina roƙon a sake. Da cikakken lodi, da rana, sanda ake tsakiyar aiki."

Ta ajiye biron ta dube ni sosai, karon farko tun zuwana.

"Ba wanda ya tilasta maka. Allurar za ta wuce ta yau."

"Na sani."

"Ka kuma san inda za ka tsaya."

Na ce na sani. Kada ku ɗauka tsoron ya tafi, ƙaruwa ma ya yi, daren nan ban runtsa ba. Washegari da la'asar aka sanar kowa ya fita daga ɗakin makanikai, na shiga murabba'in karo na uku. Allura ta haura ɗari da bakwai, ta tsaya can sama har na ji fitsari ya kama ni, sannan ta juyo ta zauna a wurinta, wuta na ci.

Wannan karon da gangan na bi ta ƙaramar ƙofar, ina so in zauna ni kaɗai kafin kowa ya dawo. Sai na tarar da Malam Inusa a kan darduma, yana zaman tahiya, gwiwarsa ba ta fi taƙi biyu da bangon ba. Na tsaya har ya sallame. Raina ya ɓaci, na durƙusa wajen kunnensa, na ce, "Haba Malam! Ba a ce kowa ya fita ba?"

Ya shafa addu'a, ya jawo takalminsa.

"An ce. Yara sun fita. Ni lokacin sallah ne ya yi mini." Ya ɗago ya dube ni. "Kuma ai kana ciki."